Darasin lissafi: ƙa'idar uku

Mu duba

Yau ran kasuwa ce. Mai hatsi yana sayar da tiya 4 a kan 1 200 F. Inna tana son tiya 7. Nawa za ta biya? In ba ta iya wannan lissafi ba, ana iya cutar ta, ko ita ta ci haƙƙin mai hatsi.

Lambobi uku muka sani: 4, 1 200 da 7. Ta huɗu ce muke nema. Mu ba ta harafin k, wato kuɗi.

tiya 4 → 1 200 F
tiya 7 → k

Hanya ta farko

Mu nemi kuɗin tiya ɗaya tukuna: 1 200 : 4 = 300 F.
Sai mu ninka da 7: 300 × 7 = 2 100 F.

Hanya ta biyu

Mu ninka lambobin a gicciye: 4 × k = 1 200 × 7.
Ke nan 4 × k = 8 400.
k = 8 400 : 4 = 2 100 F.

Amsa ɗaya ce. Wannan dabara ita ce ƙa'idar uku. Da Faransanci ana ce mata « règle de trois ».

A kasuwa da dala ake ciniki. Dala 1 ita ce 5 F, don haka inna za ta ƙirga dala 420, domin 2 100 : 5 = 420.

Hattara!

An kira gayya. Mutum 6 suna nome gona cikin kwana 4. Mutum 12 fa? Mai gaggawa zai ce kwana 8. Kuskure ne! In hannuwa sun yi yawa, kwanaki raguwa suke yi. Mutum ɗaya zai yi kwana 6 × 4 = 24. Mutum 12 za su yi kwana 24 : 12 = 2.

Mu riƙe

Kafin mu taɓa alli, mu tambayi kanmu: in wannan ya ƙaru, wancan ƙaruwa zai yi ko raguwa? In tare suke ƙaruwa, mu raba sannan mu ninka. In ɗaya na ƙaruwa ɗaya na raguwa, mu ninka sannan mu raba.

Mu gwada

1. Litattafan rubutu 3 kuɗinsu 450 F. Nawa ne kuɗin guda 8?
2. Mota ta sha mai lita 8 cikin kilomita 100. Lita nawa za ta sha cikin kilomita 250?
3. Dala 60 F nawa ce?
4. Magina 3 suna gama katanga cikin kwana 10. Kwana nawa magina 5 za su yi?
5. Ku tambayo kuɗin tiyar wake a garinku, ku shirya wa ƴan ajinku tambaya ɗaya.