Ɗaukar Hoton Allon Kwamfuta Domin Shaida

Tun daga shekarar 2015, yawancin kuɗin da jama'a ke biyan Gwamnatin Tarayya ta hanyar Remita suke bi, kowane biya kuwa da lambarsa mai alƙaluma 12. Sau da yawa lambar takan fito a allon kwamfuta, kafin mutum ya lalubo alƙalami sai wuta ta ɗauke. Wanda ya riga ya ɗauki hoton allon yana da abin nunawa a ofis. Wanda bai ɗauka ba sai ya dogara ga bakinsa, akawu kuwa ba ya aiki da maganar baka.

A jerin maɓallan sama, wajen hannun dama, akwai wanda aka rubuta wa PrtScn. A kwamfutocin IBM na 1981, in an danna shi, abin da ke allo yakan wuce kai tsaye zuwa injin buga takarda. Yanzu a kwamfutoci masu Windows 10 riƙe hoton kawai yake yi na ɗan lokaci, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asara, domin da zarar an kashe kwamfutar hoton ya tafi. Tilas ne a buɗe Paint ko Word, a danna Ctrl tare da V, sa'an nan a adana.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a haɗa maɓallin Windows da PrtScn. Allon zai ɗan dushe, hoton kuma ya shiga ma'ajiyar Screenshots da ke cikin Pictures. In wani yanki kaɗai ake bukata, sai a danna Windows da Shift da S, a ja linzami a kewaye shi. Waɗansu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an ƙara da maɓallin Fn. A kwamfutar Apple kuwa, Shift da Command da 3 ake dannawa tare.

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu ikon karɓar abin da ya fito daga kwamfuta, muddin an cika sharuɗɗa, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka samo shi. Saboda haka hoton da za a riƙe domin shaida gara a ɗauki allon gaba ɗaya, kwanan wata da lokaci suna fitowa, kada kuma a gyara kome a jikinsa.

Amma fa hoto ba kuɗi ba ne. Macuta sun iya ƙirƙirar na ƙarya, don haka kada ɗan kasuwa ya saki kaya sai bankinsa ya tabbatar masa kuɗi sun shiga. Wanda ya yi aiki da kwamfutar haya a shago kuma, ya kwashe hotonsa, ya goge na can kafin ya tashi, musamman in lambarsa ta BVN ko NIN ta fito a ciki.