Darasi na Tara: Ɗaura Bel a Mota

A shekarar 2003 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa direba da fasinjan gaba ɗaura bel. Kalmar "bel" ararriya ce daga Ingilishi. Akwai masu cewa "ɗamarar kujera", amma ba ta zauna a bakin direbobi ba.

A hanyar Dawanau zuwa Dawakin Tofa, motar haya kan ɗauki mutum biyu a kujerar gaba, alhali bel ɗaya ne. Alhakin ya fi rataya a wuyan direba, domin shi ya yi lodin. Sai dai idan aka taka birki da ƙarfi, goshin fasinja ne ke dukan gilashi.

Aiki: Ɗalibi ya tsara darasin firamare kan wannan doka, ya kare kalmar da ya zaɓa.