Yadda Ake Mayar da Hotuna Takardar PDF

A hutun da ya wuce yayana ya nemi tallafin karatu, aka ce ya aika da takardunsa ta intanet, wato sakamakon NECO, da takardar haihuwa, da shaidar zama ɗan Ƙaramar Hukumar Ajingi. Ya ɗauki hotunansu da waya ya tura, aka ƙi karɓa, wai sai PDF guda ɗaya. Ga shi saura kwana biyu a rufe. Har ya fara neman kuɗin mota daga Toranke zuwa Gaya, sai na tuna abin da malaminmu na kwamfuta ya koya mana.

Shi PDF wani irin fayil ne da kamfanin Adobe na Amurka ya fito da shi a 1993. Amfaninsa shi ne yana haɗa shafuka da yawa wuri ɗaya kamar littafi, kuma ko a wace na'ura aka buɗe shi ba ya hargitsewa. Hotunan waya kuwa, waɗanda yawancinsu JPG ne, kowanne zaman kansa yake yi.

To, 'yan'uwana ɗalibai, rabin aikin wajen ɗaukar hoto yake. A shimfiɗa takarda a wuri mai santsi, a inuwa, da hantsi. A goge gilashin kyamara, a tsai da waya daidai saman takardar, yadda kusurwoyinta huɗu za su fito. Kada a kunna fitilar waya, musamman in an yi wa takardar leda, don ƙyalli yakan cinye rubutu.

Daga nan sai a shiga shafi irin su iLovePDF ko Smallpdf, a zaɓi inda ake mayar da JPG zuwa PDF. A ɗora hotunan, a jera su yadda aka ce a jera, a danna, a sauke. In fayil ya fi nauyin da aka ƙayyade, akwai wurin matse shi a shafin. Amma a yi hattara, ni da na matse namu da yawa sai hatimin takardar haihuwa ya dusashe, ita kanta kuma kife na sa ta. Allah ya taimaka na buɗe na duba kafin mu tura.

Baba ya tambaye ni, "Ina hotunan suke zuwa?" Gaskiya barin wayar suke yi, su tafi kwamfutar masu shafin, can ake haɗa su. Saboda haka takarda mai lambar NIN ba a ɗora ta a shafin da ba a sani ba, in kuma wayar aro ce a goge kome kafin a mayar.

Bayan sallar isha'i muka sake ɗaukar shafin hatimin, bai fito ba a hasken fitila. Dole muka jira gari ya waye, muka tura ana saura kwana ɗaya, aka karɓa.