Darasi Na 18: Ta Da Tsohuwar Vespa

A gidaje da yawa na ƙasar Gwarzo da Kabo akwai tsohon babur jingine a zaure ko a bayan rumbu. Ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a kansa. Watakila nan Unguwar Tudu ma kun san gidan da a ke da irinsa. Yau za mu karanta yadda mutum zai ta da shi da hannunsa, da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi. Za mu yi misali da Vespa.

Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera Vespa cikin 1946. Da can jiragen sama ya ke ƙerawa. Ma'anar sunan da harshensu ita ce zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙararta. Kamfanin Bajaj na Indiya, mai Boxer ɗin nan da ta cika hanyar Gwarzo, shi ma ya yi ta ƙera Vespa da izinin Piaggio tun daga 1960. Dattawa sun so ta ƙwarai, don mai babbar riga ya kan hau ta ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya, ka nemi takardunta. A jikin inji akwai lamba, a jikin ƙarfen babur ɗin kuma akwai wata. Ka goge su, ka karanta, ka gwada da abin da ke rubuce a takarda. In ta gado ce, ka sami yardar sauran magada. In saya za ka yi, a rubuta maka rasit gaban shaidu, mai unguwa ya sani. Wanda ya gyara babur ɗin sata ya yi wa wani aiki, ga kuma tsayuwa gaban alƙali.

To, sai kwancewa. Ka shimfiɗa buhu a inuwa, nesa da murhu da fitila, don fetur ba ya shiri da wuta. Ka tanadi sifana da filaya da sukundireba, da gwangwanaye, da littafi da fensir. Duk abin da ka kwance, ka sa nasa noti cikin gwangwani dabam, ka rubuta sunansa da inda ya fito. Kai ya kan manta bayan mako biyu. Ka kuma hana yara wasa a wurin.

Inji yana bukatar abu uku kafin ya tashi: mai, da wuta, da matsi.

Fetur ɗin da ya shekara cikin tanki ya lalace. Ka zubar da shi, ka wanke tsatsar tankin. Ka kwance kafireto ka wanke da sabon fetur, ka hura ƙananan ramukansa. Kada ka zura musu allura, za ka buɗa su, babur ya riƙa shan mai.

Sa'an nan ka cire fulogi, ka mayar masa da wayarsa, ka ɗora shi a jikin inji, ka buga kik. In ka ga tartsatsi shuɗi, akwai wuta. In babu, ka kwafi lambar da ke jikin fulogin a littafinka, ka sayo mai wannan lamba daidai.

Matsi kuwa, ka toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya taka kik. In iska ta ture yatsanka da ƙarfi, fistin da ringi suna da sauran rai. In kik ya ƙi motsi sam, fistin ya kafe ke nan. Kada ka hau shi da ƙarfi, za ka karya abin da ya fi tsada. Ka zuba ɗan baƙin mai ta ramin, ka bar shi kwana uku ko huɗu, ka riƙa gwadawa a hankali. In ya ƙi, wannan aikin bakanike ne, kuma ba abin kunya ba ne ka kai masa.

Ga abin da ya fi kashe tsohuwar Vespa. Injinta ba kamar na Boxer ba ne. Ba shi da wurin baƙin mai a ƙasa, sai cikin fetur a ke gauraya masa nasa, wanda a ke rubuta 2T a jikin robarsa. Yawancinsu suna son kashi 1 na wannan mai cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 20 cikin kowace lita. Tsofaffi ƙwarai, irin na shekarun 1950, kashi 1 cikin 20 su ke so. Akwai kuma na baya da ke da ɗan tankin 2T dabam. Wanda ya zuba fetur zalla, inji zai yi zafi, fistin ya kafe a kan hanya. Man giya kuma dabam ya ke, shi ma ka sake shi.

Inji ya tashi? Madalla. Amma kada ka ta da shi cikin ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa. Kada kuma ka hau tukuna. Ka duba wayar birkin gaba, da birkin baya na ƙafar dama, da wayar kuloci, da wayoyin giya da ke hannun hagu. Wadda ta fara tsinkewa, ka sake ta. Tayar da ta tsattsage ba ta da amfani ko da zanenta bai cinye ba. Ka rubuta duk abin da ka ke bukata a takarda guda, ka shiga Kano sau ɗaya, ka je da tsohon abin a hannu don a gwada.

Kwalliya ita ce ta ƙarshe. Samari su kan fara da ita, su kashe kuɗinsu a fenti da madubai huɗu, birki kuwa ba ya kamawa. In ciki ya gyaru, ka kankare tsatsa, mai walda ya toshe inda ya huje, a yi fenti, mai ɗinki ya rufe kujera da fata. Kada fenti ya rufe lambobin nan biyu. Hular kwano kuma tana cikin lissafi.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka fara ƙera Vespa, a wace shekara?
2. Waɗanne abu uku inji ke bukata?
3. In lita 1 tana son mililita 20 na 2T, lita 5 nawa za ta so?
4. Rubuta waɗannan a littafinka: fulogi, birki, kuloci, taya, rasit.