Ido da Masu Raunin Fahimta: Darasi ga Iyaye da Masu Kula

A gidaje da yawa akwai yaro ko babba mai raunin fahimta, wanda bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Idan idonsa ya fara dushewa ba zai ce "ba na gani" ba. Sai dai ku ga halinsa ya sauya, mutane kuma su ce larurarsa ce ta ƙaru. Sau da yawa ido ne.

An yi lissafi a Ingila a 2011, aka ga manya masu raunin fahimta sun fi sauran mutane fuskantar makanta ko raunin gani mai tsanani har sau 10, kuma kusan 6 cikin 10 suna bukatar tabarau. Masu larurar Down sukan yi yanar ido tun da ƙuruciya, wasu ma da ita ake haifarsu, kuma da yawansu ba sa ganin abin da ke kusa sosai. Wanda kuma yake yawan bugun fuskarsa yana iya raunata cikin idon.

Alamomin da za ku lura da su

1. Yana tuntuɓe da tabarma, da turmi, da dokin ƙofa.
2. Yana lalube kafin ya sami kwanonsa ko takalminsa.
3. Yana kawo abu dab da fuska, ko ya karkata kai in zai duba.
4. Yana firgita in an taɓa shi, ko ya ƙi fita bayan magariba. Wannan na ƙarshe yana iya zama dundumi.
5. Ya daina aikin da ya iya a da, kamar shara, ɗebo ruwa ko zuwa bayan gida shi kaɗai.
6. Akwai fari a tsakiyar ƙwayar idon.

Ku tuna, mai raunin fahimta da ido yake koyon yawancin abubuwa, yana kallon ku yana kwaikwayo. In ido ya tafi, abin da aka yi shekaru ana koya masa yana iya ɓacewa. Sai ya rame, ya zauna a lungu, ko ya riƙa fushi saboda tsoro. Kada ku doke shi, kada ku kulle shi.

Ana iya auna idon wanda ba ya magana

Ba sai ya iya karatu ba. Ma'aikacin ido yana ɗiga magani, ya haska fitila cikin idon, ya gane irin tabaraun da ya dace. Yanar ido kuwa aiki ake yi a cire ta. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, wanda aka buɗe a 1943. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. 'Yan'uwa mazauna Libreville da sauran Gabon, Asibitin Bongolo da ke Lebamba yana da sashen ido. Wanda ya fi sabawa da shi ya raka shi, ya faɗi sauyin da ya gani. Kada ku kai shi wurin masu soka ido su ture yana, kada kuma a zuba masa ruwan ganye ko wani haɗi.

Abin da za ku yi a gida

Ku bar kayansa a wuri ɗaya kullum. Ku zuba masa farin tuwo a kwano mai duhu domin ya bambance. Ku rufe rijiya, ku kange murhu, ku sa fitila a hanyar bayan gida. Ku kira sunansa, ku faɗi naku, kafin ku taɓa shi. In za ku tafi, ya riƙe gwiwar hannunku kuna gaba kaɗan. In an ba shi tabarau, ya fara sawa na ɗan lokaci, yayin cin abinci ko wasa, ana ƙarawa a hankali.

Yara kuma a yi musu rigakafin ƙyanda, a karɓa musu bitamin A duk wata 6, daga wata 6 zuwa shekara 5. In kun ga ko ɗaya daga cikin alamomin nan, ku kawo shi asibiti a wannan makon.