Tsohuwar Kwamfuta Ba Shara Ba Ce

Jama'a, a ofisoshi da makarantu da gidaje da yawa akwai kwamfutoci jibge a lungu, ƙura ta lulluɓe su. In ka tambayi mai su, sai ya ce sun mutu. Ka matsa masa da tambaya, sai ka ji ashe suna kamawa, nauyi ne ya yi musu yawa: a kunna, a je a yi alwala a dawo, ba su gama buɗewa ba. Irin wannan kwamfuta da sauran ranta. An rubuta wannan takarda ne don a nuna inda ciwon yake, da yadda ake maganinsa ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

A sani cewa kwamfuta abu biyu ce. Akwai ƙarfen da ake taɓawa da hannu, akwai kuma babbar manhaja da ke tashi da zarar an kunna, wadda ke juya duk sauran ayyuka. Wadda muka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Kowace sabuwar Windows takan zo da buƙatar da ta fi ta baya, ƙarfen kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi, da ya durƙushe aka ce tsufa ne.

Ban da nauyi, kamfanin yakan sa ranar da zai daina kula da kowace Windows. Ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Daina kulawa yana nufin in ɓarayin intanet suka gano wata kafa, ba mai toshe ta. Kada a raina wannan. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a toshe musu kafa ba a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. To, a koma Windows 11 mana? Nan ma da sharaɗi: tana neman wani ɗan guntun ƙarfe na tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ba ta yarda da yawancin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018 ba. Da yawa daga kwamfutocin hannu da muke saye a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko titin Beirut a Kano sun girmi wannan shekara, alhali lafiyarsu ƙalau.

Mafita ita ce a sauya babbar manhajar da wata mai suna Linux. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara aikin da ya kira GNU, da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta cike abin da ya rage, wato Linux. Tun daga nan dubban masana a duniya ke aikin gayya a kanta. Kyauta ce, kuma halal ce: in ka kwafa ka ba maƙwabcinka ba ka yi sata ba, ba kamar Windows ta bayan fage da ake ɗora wa mutane a shago ba, wadda sau da yawa takan zo da cutarta a ciki.

Wani zai ce abin kyauta ba ya da auki. A duba wayar Android da ke aljihu, a kan zuciyar Linux aka gina ta. Tun ƙarshen 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk da Linux suke aiki. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya da ita suke koyar da yara, jandarmomin Faransa ma sun mayar da dubban kwamfutocinsu kanta.

Linux iri-iri ce, kuma a nan ne sabon shiga kan rikice. Kada a tsaya dogon zaɓe. Wanda kwamfutarsa ke da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, mai giga 4 ko fiye, ya ɗauki Linux Mint, domin fuskarta ta yi kama da abin da ya saba. An gina ta ne a kan Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa a 2004. Mai giga 2 ya nemi Lubuntu. Wadda ta tsufa ainun, antiX za ta iya tashinta.

Ga yadda ake yi. Kafin komai, a kwashe takardu da hotuna da duk abin da ake so a wani wuri dabam, domin ɗora sabuwar manhaja kan goge abin da ke ciki. Wanda ya tsallake wannan kada ya zargi kowa. Sannan a sauko da manhajar daga gidanta na ainihi. Za ta ci data wajen giga 2 zuwa 3, amma saukowa ɗaya ta ishi unguwa guda. A sami filashi mai giga 8, a rubuta ta a ciki da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. A soka filashin, a kunna kwamfutar, a yi ta danna F12 in Dell ce ko Lenovo, F9 in HP ce, har ta ba da zaɓin tashi daga filashi.

A nan ne alherin abin yake, kuma a nan ya kamata a yi haƙuri. Linux za ta tashi daga filashin ba tare da ta taɓa komai na cikin kwamfutar ba. A zauna a gwada. Intanet ta kama? Sauti na fita? Na'urar buga takardu ta amsa? A rubuta wasiƙa da LibreOffice, a buɗe tsohuwar takardar Word a ga ko ta fito daidai, a shiga intanet da Firefox. Masu rubutun Hausa su duba cikin jerin tsarin maɓallan rubutu, akwai na Hausa, mai ba da ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. In komai ya yi, sai a danna alamar ɗorawa, a bi tambayoyin. In bai yi ba, a zare filashi, kwamfuta ta koma yadda take.

Amma kada a yaudari kowa. CorelDraw da Photoshop da Microsoft Office ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da LibreOffice, sai dai mai shagon buga katin biki wanda hannunsa ya faɗa da CorelDraw zai sha wuya kafin ya saba, kuma a ganina ya bar injin sana'arsa yadda yake, ya gwada a wani. Ɗalibi, da malamin makaranta, da akawun ƙungiya, da mai rubuta takardu, su ne za su fi cin moriya. Haka kuma manhaja ba ta gyara fasasshen gilashi ko mataccen batir. In rumbun ajiya ne ya gaji, a sa mai gyara ya musanya shi da irin sabon nan da ake kira SSD. Saurin da yake ƙarawa ba kaɗan ba ne.

Kwamfutar da ta mutu murus kuwa, a kai wa mai gyara ya cire abin da zai yi wa wata amfani. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A cikin waɗannan kaya akwai dalma da sauran guba. Kada a bar yara su ƙona wayoyin don neman jan ƙarfe, kada kuma a jefa batir a wuta ko a bola kusa da rijiya.