Ma'aji da Shigar da Bayanai a Kundin Adireshi na ApacheDS

Kundin adireshi manhaja ce mai adana sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri bisa ƙa'idar LDAP. Irinsa ne ApacheDS, wanda akan dasa cikin wata manhajar Java, su tashi tare.

Da farko, wajibi ne a keɓe masa ma'aji na dindindin a faifan kwamfuta, domin na wucin gadi yakan goge. Sannan a shigar da bayanai ta fayil ɗin LDIF, wanda aka daidaita tsarinsa a 2000. Da yake kundin tamkar bishiya yake, tilas reshe ya gabaci ganye, wato sashe kafin ma'aikatansa. In an saɓa haka, kundin zai ƙi karɓa.